Tallafin Binciken Bazara a Kwalejojin Kirista na Amurka: Shin Kwalliya na Biyan Kuɗin Sabulu?

Sau biyu na nemi wannan tallafi. A karon farko aka hana ni, a karo na biyu aka ba ni, na kuma cinye kuɗin har na ƙara da na aljihuna, saboda haka na san shi ta fuska biyu, ta wanda aka mayar wa takardarsa da ta wanda aka taya murna. Ina koyar da tarihi a wata ƙaramar kwalejin Kirista da ke tsakiyar Amurka. Ba zan ambaci sunanta ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma tsarin da zan bayyana ba nata ba ne ita kaɗai, ana samun irinsa a makarantu da dama da ke cikin ƙungiyar kwalejoji da jami'o'in Kirista da aka fi sani da CCCU, wadda aka kafa a 1976 take kuma da ofis a birnin Washington. Tallafin dai kuɗi ne da makaranta take ware wa malaminta domin ya ajiye alli na tsawon makonni takwas ko goma ya duƙufa a kan bincike, bisa sharaɗin ya nuna a rubuce yadda bangaskiyarsa ta Kirista take shiga cikin aikin ilimin da zai yi.

Ba za a gane darajar wannan kuɗi ba sai an san yadda ake biyan malami a nan. Abin da muke fassarawa da bazara a Amurka yana faɗowa ne daga watan Yuni zuwa Agusta, wato daidai lokacin da manomi a gida yake tsakiyar damina, kuma a mafi yawan makarantu kwantiragin malami na wata tara ne kawai, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Mayu. Ana iya raba masa albashin gida goma sha biyu domin kada tukunya ta bushe a watan Yuli, amma a lissafin makaranta watannin nan uku ba a saye su ba, nasa ne. A manyan jami'o'in bincike malamin kimiyya yakan cike giɓin da kuɗin hukumomin gwamnati, irin su hukumar kimiyya ta ƙasa, NSF, wadda a bisa ƙa'ida take yarda mutum ya cire wa kansa albashin da bai wuce na wata biyu ba a shekara. Malamin ƙaramar kwaleji kuwa, wanda yake koyar da kwas huɗu a kowane zango, ga duba takardun ɗalibai, ga zaman kwamiti, ga yaran da ke sallama a ofis da matsalolin da ba su shafi karatu ba, bazarar nan ita ce kaɗai gonarsa ta bincike. Idan ya sayar da ita ga ajin bazara domin neman ƙarin kuɗi, to shekara ta wuce ke nan bai rubuta layi ɗaya ba. Da na yi wa yayana wannan bayani ta waya, sai ya yi dariya ya ce, "Wato kai biyanka za a yi don ka zauna ka yi karatu?" Na ce masa, "Haka ne, Yaya, sai dai kuɗin ba su kai yadda kake zato ba."

Sharaɗin haɗa bangaskiya da ilimi yana da dogon tarihi. Saiwarsa tana komawa ga Abraham Kuyper, fasto kuma ɗan siyasar ƙasar Holan da ya riƙe muƙamin firaminista daga 1901 zuwa 1905, wanda a jawabinsa na buɗe jami'ar da ya kafa a Amsterdam a 1880 ya nuna cewa babu wani lungu na rayuwar ɗan Adam, komai ƙanƙantarsa, da Almasihu ba ya cewa nasa ne. Kwalejin Calvin, wadda 'yan Holan da suka yi ƙaura zuwa jihar Mishigan suka kafa a Grand Rapids a 1876, ita ce ta rungumi wannan tunani fiye da kowace makaranta a Amurka. A nan ne masanan falsafa Alvin Plantinga da Nicholas Wolterstorff suka daɗe suna koyarwa, a nan ne kuma aka buɗe cibiya ta musamman don tallafa wa binciken malaman Kirista a 1976. A kwalejin Wheaton da ke jihar Illinois, Arthur Holmes ya shafe shekaru yana nanata wa ɗalibansa cewa kowace gaskiya ta Allah ce, ko a ina aka tsinto ta, kuma makarantar ta shahara da buƙatar malami ya rubuta doguwar maƙala a kan bangaskiya da fanninsa kafin a tabbatar masa da kujerarsa ta dindindin. Duk da haka, a 1994 masanin tarihi Mark Noll ya fitar da littafin da ya yi wa Kiristocin bishara na Amurka wankin babban bargo, inda ya zarge su da gina majami'u da gidajen rediyo suna barin aikin tunani ya lalace. Bayan shekara uku George Marsden ya biyo baya da hujjar cewa malamin Kirista yana da haƙƙin shiga muhawarar jami'a da mahangarsa, kamar yadda sauran masu aƙidu suke shiga da tasu. Gidauniyoyi irin su Pew da Lilly da Templeton suka zuba kuɗi a wannan fage, ƙananan makarantu kuma suka kwaikwaya gwargwadon ƙarfinsu. Tallafin da nake magana a kansa jikan wannan yunƙuri ne.

A makarantarmu sanarwa tana fitowa a watan Janairu, a rufe karɓa a ƙarshen Fabrairu. Takardar neman ba ta da tsawo: bayanin tambayar da mutum yake son amsawa, da hanyar da zai bi, da jadawalin makonni, da kasafin kuɗi. Duk malamin da ya taɓa neman tallafi a wani wuri zai gama waɗannan a zama biyu. Inda gizo ke saƙar shi ne shafi na ƙarshe, wanda malamai suke kira shafin bangaskiya, inda ake so ka faɗi abin da kasancewarka Kirista yake canzawa a cikin aikin. Kwamitin da ke tantancewa ya ƙunshi malamai daga sassa daban-daban, saboda haka takardar masanin tarihi tana iya faɗawa hannun malamin lissafi ko malamar koyar da aikin jinya, kuma wannan ya tilasta wa mutum ya yi rubutun da ɗan wani fanni zai fahimta, abin da nake ɗauka a matsayin alheri.

A karon farko na ɗauka abin tuwona ne maina. Batuna shi ne tarihin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tun daga aikin ɗan mishan James Schön a ƙarni na 19 har zuwa cikakkiyar fassarar da ta fito a 1932 wadda Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Anglican, ya jagoranta daga Zariya. Na ce a raina, wane batu ne zai fi wannan zama na Kirista? Sai na cika shafin da ayoyi, na ƙara da maganar Kuyper, na rufe da fatan aikin zai ɗaukaka sunan Ubangiji. Amsar da ta dawo gajeriya ce ƙwarai. Ma'anarta ita ce, kasancewar batu ya shafi Kiristanci bai sa tunanin da ke cikinsa ya zama na Kirista ba, kuma idan aka yage shafin ƙarshe, sauran takardar mutumin da bai yarda da komai ba zai iya rubuta ta harafi da harafi. Na ji zafi, na kuma yi kwanaki ina gunaguni cewa ba su san Wusasa, mazaunin mishan ɗin a Zariya, ba balle su san darajar aikin, amma daga baya na gane cewa gaskiya suka faɗa. Faci na ɗinka a kan riga, zaren facin kuwa daban da na rigar.

Na kai kukana wurin wata dattijuwar farfesa ta adabi da ta taɓa shugabantar kwamitin. Ta karanta takardar a gabana, ta cire tabarau, sannan ta yi mini tambaya ɗaya: wane zunubi ne ya fi kusa da mai sana'ar tarihi, kuma me bangaskiyata take cewa a kansa? Na ce, "Farfesa, ban taɓa kallon abin ta nan ba." Ta ce in je in yi tunani, kada in sake rubuta aya ko ɗaya sai na samu amsa. Amsar da na samu tana cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:16, inda aka hana yin shaidar zur a kan maƙwabci. Matattu ma maƙwabta ne, kuma sun fi kowa rauni, tunda ba za su tashi su kare kansu ba. Mai rubuta tarihin mishan yana tsakanin jarabobi biyu: ko dai ya mayar da 'yan mishan waliyyan da ba su taɓa kuskure ba, kamar yadda wasu littattafan ikilisiya suke yi, ko kuma ya mayar da su 'yan koren mulkin mallaka kawai, kamar yadda wasu littattafan jami'a suke yi. Akwai kuma wata shaidar zur ta uku wadda ake yi da shiru, wato barin sunayen Hausawan da suka bayar da kalmomin. An san Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855 wanda Schön ya kwashi Hausa daga bakinsa, amma nawa ne irinsa da ba a rubuta ba? Kalmomi kamar Allah da annabi da mala'ika da zunubi sun shigo Hausa ta hanyar Musulunci tun kafin a fara fassarar, sai ga shi su ne Kiristan Hausa yake addu'a da su a yau. Marigayi Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya koyar a jami'ar Yale har rasuwarsa a 2019, ya daɗe da nuna cewa fassara tana miƙa iko ga harshen da aka fassara zuwa cikinsa. Sai na rubuta cewa bangaskiyata ta ɗora mini nauyin neman waɗannan mutane a cikin takardu, in kuma faɗi gaskiya a kansu, Kiristansu da Musulminsu. A wannan karo shafin bai ɗauki aya ba sai guda ɗaya, aka kuma amince.

A nan ne nake ganin babbar fa'idar tsarin take, fiye da kuɗin kansa. Shafi ɗaya ya sa na sake tambayar da nake yi wa takardun tarihi, abin da shekarun digirin digirgir ba su sa na yi ba.

Kuɗin kuwa, a gaskiya, ɗan taɓa ka lashe ne. An raba shi kashi biyu, alawus na zama da kuɗin tafiya da littattafai. Alawus ɗin ya yi kusan daidai da albashina na wata ɗaya, alhali aikin na wata biyu ne da ɗoriya, kuma da yake ana lissafa shi a matsayin albashi, sai da aka cire haraji kafin ya iso hannuna. Don kwatanci, hukumar gwamnatin Amurka mai tallafa wa nazarin adabi da tarihi, NEH, a shekarun baya ta daɗe tana bayar da dala 6,000 don binciken bazara na wata biyu, namu kuwa bai kama ƙafar wannan ba. Akwai kuma sharaɗin cewa wanda ya karɓa ba zai koyar da ajin bazara ba. Sharaɗin yana da hikima, domin ba a gudu ana susar takashi, amma sakamakonsa shi ne malamin da ke da yara uku da bashin gida da 'yan'uwa a ƙauye masu jiran saƙo zai zauna ya yi lissafi ya ga cewa aji biyu na bazara sun fi tallafin kawo kuɗi. Na san malaman da suka fi ni basira da ba su taɓa nema ba saboda wannan dalili kaɗai. Ni ma sai da uwargida ta amince za mu ɗage gyaran mota zuwa kaka kafin na sa hannu.

Ƙorafina mafi girma yana kan lokaci da hanyar biya. An rufe karɓar takardu a Fabrairu, amma sakamako bai fito ba sai ƙarshen Afrilu, lokacin da kuɗin jirgi zuwa Turai ya riga ya yi tashin gwauron zabo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka sa na yi. Takardun CMS suna ajiye ne a ɗakin karatu na Cadbury da ke jami'ar Birmingham a Ingila, kuma mai fasfo ɗin Najeriya, ko da yana zaune a Amurka, sai ya nemi bizar shiga Ingila, wadda take da nata kuɗin da nata jiran. Fom ɗin kasafin makarantarmu ba shi da gurbin biza ko kaɗan, alamar cewa wanda ya tsara shi bai taɓa tunanin malamin da ba Ba'amurke ba. Sannan kuɗin tafiya ba a bayar da shi tun farko, sai ka kashe naka ka kawo rasit a biya ka. Na dawo da ambulan cike da tikitin jirgin ƙasa da rasit ɗin masauki, ofishin kuɗi ya mayar mini da su sau biyu, sau ɗaya domin ban juya fam zuwa dala da farashin ranar da na kashe kowane ɗaya ba, sau ɗaya kuma domin tawadar wani rasit ta koɗe. Kuɗin ya shigo ne bayan an koma aji, katin bashina kuwa ya riga ya haifi ruwa. Makarantar da ke wa'azin kula da baƙo da mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ta lura cewa tsarin kashe naka a biya ka daga baya yana fifita wanda yake da ajiya tun asali.

Duk da haka, kwanaki goma sha biyun da na yi a Birmingham sun biya ni wahalata. Akan shiga ɗakin karatun da fensir kawai, a kawo maka kwali a kan teburi, ka kwance igiyar da ke ɗaure da fayil, sai ga wasiƙun da aka rubuta da hannu fiye da shekara ɗari da suka wuce, a kan takarda marar kauri da tawadar bayan shafi take leƙowa ta gaba. Wani lokaci sai in shafe rabin sa'a a kan kalma ɗaya ina ƙoƙarin gane ko sunan mutum ne ko na gari, domin Baturen da ya rubuta ta ya rubuta ne yadda kunnensa ya ji. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa a tsakanin aji da aji, yana buƙatar safiya cikakkiya wadda babu mai ƙwanƙwasa ƙofa, kuma wannan safiyar ita ce ainihin hajar da tallafin yake saya wa mutum.

Akwai wani ɓangare da ban sa shi a lissafi ba amma ya zama mafi daɗi a gare ni. Duk waɗanda suka samu tallafin a shekarar, mu bakwai, wajibi ne mu haɗu sau ɗaya a mako a ci abincin rana tare, mutum ɗaya ya gabatar da inda ya kai, sauran su yi masa tambayoyi. A nan ne na ga cewa shafin bangaskiya ba nauyinsa ɗaya ba a kan kowa. Masanin falsafa da malamin tauhidi suna iyo a cikinsa kamar kifi a ruwa. Malamin kimiyyar sinadarai da ke auna gurɓatar ruwan rijiyoyin manoma ya faɗa mana ƙarara cewa ma'aunin gwajinsa ba ya canza lamba don wanda ya riƙe shi Kirista ne, kuma idan ya canza, to ya kamata a kore shi daga aiki. Abin da bangaskiya ta canza masa shi ne zaɓen tambayar, da zaɓen mutanen da za su amfana, da kuma ƙin ɓoye sakamakon da ba zai yi wa masu manyan gonaki daɗi ba. Malamar lissafi kuwa ta ce ita abin da ta iya faɗa da zuciya ɗaya shi ne mamaki da godiya a gaban tsarin da take gani a cikin lambobi, kuma duk abin da ya wuce haka, in ta rubuta shi, ado ne don kwamiti. Ban taɓa jin maganar da ta fi wannan gaskiya a kan batun ba, na kuma yaba wa kwamitin da ya ba ta tallafin ba tare da ya matsa mata ta ƙirƙiro wani lissafi na Kirista ba.

Wannan matsala ba mu muka fara gano ta ba. A 2004 Douglas Jacobsen da Rhonda Jacobsen, malamai a kwalejin Messiah da ke jihar Pennsylvania, sun yi suka cewa salon haɗa bangaskiya da ilimi da ya mamaye makarantun nan ya ɗauko ƙamshin al'adar mabiya koyarwar John Calvin da na falsafa fiye da kima, har ya sa ana ganin kamar sauran al'adun Kirista, irin su Katolika da Lutheran da Mennonite da Fentikos, ba su da abin faɗa, alhali wasunsu sun fi nuna bangaskiya ta hanyar aiki da hidima da sujada. Ni ma na lura cewa akwai wani yare da kwamiti ya saba ji, na halitta da faɗuwar ɗan Adam cikin zunubi da fansa da maidowa, kuma wanda ya tashi a cikin wannan yare yana iya zuba shi a kan kowane batu cikin minti ashirin. Wanda ya taso a ikilisiyar da ake koyon bangaskiya ta waƙa da addu'ar asuba da haƙuri da maƙwabci, kamar yadda na taso, sai ya koyi yaren tukuna kafin a ji shi. Haɗarin a bayyane yake, wato a riƙa ba da kuɗi ga wanda ya iya bakinsa a bar wanda ya iya aikinsa. A shekarar da na samu, kwamitin ya tsallake wannan rami, amma mambobinsa suna canzawa, babu kuma wata rubutacciyar ƙa'ida da ta hana na gaba faɗawa ciki.

Akwai abubuwa biyu kuma da mai nema ya kamata ya sani. Na farko, malaman wucin gadi da ake biya kwas-kwas, waɗanda suke ɗauke da kaso mai yawa na azuzuwan shekarar farko, ba su cancanci nema ba, ko da yake su ne suka fi kowa buƙatar wallafa wani abu domin su samu aiki na dindindin. Na biyu, malami a yawancin irin waɗannan makarantu ya riga ya sa hannu a kan takardar shaidar bangaskiya, saboda haka akwai batutuwan da mutum yake takawa a hankali, musamman asalin ɗan Adam da al'amuran aure da jinsi. Babu wanda ya taɓa ce mini kada in rubuta kaza, amma na ga abokan aiki suna sauya taken bincikensu tun kafin su miƙa, ba don an hana su ba sai don gudun abin da ka je ya zo.

Abin da ake buƙata a ƙarshe bai yi tsauri ba: rahoton shafi biyu a watan Satumba, da gabatarwa a gaban malamai a cikin zangon, da alƙawarin ambaton tallafin a duk abin da aka wallafa. Na samu maƙala ɗaya da aka karɓa a mujallar masana, da tsarin babi biyu na littafi, da sabon darasi na mako uku da na saka a kwas ɗina na tarihin Afirka, inda ɗalibai suke kwatanta dalilin da ya sa wasu fassarorin Hausa suka ce Kristi wasu kuma suka ce Almasihu. Bazara ɗaya ba ta isa littafi ba, kuma wanda ya yi alƙawarin littafi a takardar nemansa yana yaudarar kansa ne da kwamiti.

Idan aka ɗora shi a sikeli da manyan shirye-shirye, tallafin ƙaramar makaranta matakala ce ta farko. CCCU tana da nata tallafin na haɗa malamai daga makarantu daban-daban a kan aiki ɗaya, shirin Lilly da ke jami'ar Valparaiso tun 1991 yana tattara makarantun Katolika da na Furotesta, Calvin kuma, wadda ta zama jami'a a 2019, tana da cibiyar Nagel da aka buɗe a 2006 don nazarin Kiristanci a faɗin duniya, wadda ta gudanar da shirye-shiryen tallafa wa masu bincike a Afirka. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi dacewa malami da ke zaune a Najeriya ko Gana ya sa wa ido, domin tallafin cikin gida irin namu na ma'aikatan makarantar ne kawai. Wasu abokaina da ke koyarwa a jami'o'in ikilisiya a gida, irin su Bingham ta ECWA da ke Karu da Bowen ta Baftis da ke Iwo, sun tambaye ni ko za a iya kwaikwayon tsarin, tunda TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu a Najeriya, makarantun gwamnati yake yi wa hidima. Ra'ayina shi ne alawus ɗin bazara ba zai yi ma'ana ɗaya ba a inda ake biyan malami wata goma sha biyu, amma rage masa kwas na zango ɗaya, da kuɗin tafiya da za a ba shi tun kafin ya tashi, da teburin cin abinci na mako-mako, waɗannan za su yi aiki a ko'ina, kuma na ƙarshen kusan kyauta ne.

Wanda yake da tambaya a hannu da ta riga ta nuna, yake kuma da ɗan abin da zai riƙe gida na wata biyu, ina ba shi shawara ya nema, ya fara rubuta shafin bangaskiya kafin sauran, ya kuma kai shi wurin wani ɗan wani fanni ya karanta masa tun da wuri. Wanda yake neman ƙarin kuɗin shiga kawai, ajin bazara ya fi masa. Ni dai ƙa'idar makaranta ta ce sai na huta shekara biyu kafin in sake nema, saboda haka bana aji zan koyar, in biya gyaran motar da aka ɗage. Takardun ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya, wadda ta buga fassarar 1932, suna ajiye a ɗakin karatu na jami'ar Kambrij, kuma can ne babi na uku yake jirana. Na riga na rubuta wa ofishin kuɗi ina roƙon a ƙara gurbin biza a fom ɗin kasafi kafin lokacin.